Ƙungiyoyin Unguwa da Tsarin Kwashe Shara a Gombe: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da shugabannin ƙungiyoyin unguwa, matasa 'yan aikin gayya da ma'aikatan ƙananan hukumomi suka fi yi idan aka zauna maganar shara a Gombe da kewayenta.

Mene ne tsarin shara na yanki? Ba tsaftar ƙarshen wata ba ce?

Ba ita ba ce. Tsaftar ƙarshen wata aikin safiya ɗaya ne: a yashe lambatu, a share gaban gida, a tara. Tsari kuwa rubutacciyar yarjejeniya ce da ke faɗin yawan sharar da ake fitarwa kullum, wanda zai ɗauke ta daga ƙofar gida, inda za a tara ta, motar da za ta kwashe da ranakun zuwanta, inda za a kai ta a ƙarshe, da aljihun da kuɗin zai fito.

Ana cewa "na yanki" ne domin garin Gombe ya daɗe da tsallake iyakar ƙaramar hukumar Gombe. Tumfure a ƙarƙashin Akko take, wasu sababbin unguwanni kuma sun kutsa cikin Kwami da Yamaltu/Deba. Ledar da aka zubar a saman gari, ruwan Agusta zai gangaro da ita ta kwari har ta toshe kwalbatin mutanen da ba su san inda ta fito ba. Idan kowace ƙaramar hukuma ta yi nata lissafi ita kaɗai, unguwannin bakin iyaka su ne ke zama marayu, kowa na cewa ba nasa ba ne.

A doka, alhakin wa ne kwashe shara?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa zubar da shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace, cikin babban birnin jiha, hukumar tsafta da kare muhalli ta jiha (GOSEPA) da ma'aikatar muhalli ne ke riƙe da galibin aikin, kamar yadda takwararta BASEPA ke yi a Bauchi. A matakin tarayya akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara na 2009.

Ku riƙe wannan da kyau: shigowar ƙungiya ba ta sauke wa hukuma nauyinta. Ƙungiya abokiyar aiki ce. Duk zaman da aka tashi da cewa "to shi ke nan, mun bar muku unguwarku", an tashi ne a kan kuskure.

To me ƙungiyar unguwa za ta kawo wanda injiniya bai da shi?

Sanin lungu. Taswira za ta nuna hanya, amma ba za ta nuna cewa wani ya fito da dakalinsa har tifa ba ta iya wucewa ba, ko cewa filin da ake gani fayau gado ne da ake shari'a a kansa, ko cewa lungun yana cika da ruwa daga Yuli zuwa Satumba.

Ga misali ɗaya da ke faruwa ko'ina. A yawancin gidajenmu mata ne ke tara shara, yara ne ke fitar da ita. Sai a kawo babban akwatin ƙarfe a ajiye, bakinsa ya kai ƙirjin babban mutum. Yaro ɗan shekara takwas ya zo da tsohon bokiti a ka, ya yi ɗage, hannunsa bai kai ba, sai ya juye a gindi ya ruga. Na bayansa ya ga tuli a ƙasa, ya ƙara nasa. Cikin mako guda akwatin na nan rabinsa babu komai, kewayensa kuwa ya zama juji, awaki na tono. Sai a ce mutanen unguwar ƙazamai ne. Alhali da an tambayi ƙungiyar mata tun farko, da an gina matakala biyu na bulo, ko an zaɓi akwati mai gajeren baki.

Waɗanne ƙungiyoyi ya kamata a gayyata?

Ƙungiyoyin ci gaban unguwa, na matasa, na mata irin su FOMWAN ta mata Musulmi da zumuntar mata ta coci-coci, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, kwamitocin masallatai da majami'u, shugabannin kasuwa da na tasha, da masu unguwanni da dagatai. Waɗannan kowa na tunawa da su.

Waɗanda ake mantawa su ne suka fi taɓa sharar da hannunsu: 'yan bola jari, masu kura da baro da ke ɗauka a biya su, mahauta, masu niƙa da masu sussukar hatsi irin na kasuwar Tudun Hatsi, manoman bakin gari da ke sayen shara don taki, da malaman tsangayu, tunda almajirai na cikin masu fitar da shara a gidaje da yawa. Taron da babu waɗannan, rabin labari kawai zai ji.

Maganar mata tana buƙatar dabara. Idan aka kira taro a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, maza ne za su cika wurin. A yi wa mata nasu zaman a makarantar Islamiyya ko a wani gida, mace ta jagoranta, a rubuta abin da suka faɗa, a karanta shi a babban taro da sunan nasu ne.

A wane lokaci ya kamata a shigo da mu?

Kafin a sa alama a taswira. Idan an riga an zaɓi wurin tara shara, an ba da kwangila, an sayo akwatuna, sannan aka kira ku, to ba shawara ake nema ba, tafi ake nema. Matakan da ya kamata ku kasance a ciki su ne: lokacin auna shara, lokacin zaɓen wuraren tarawa da hanyoyin mota, lokacin yanke kuɗin da gida zai biya, da lokacin bibiya bayan an fara. Ku nemi a ba ku daftarin tsarin aƙalla mako biyu kafin zama, da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, kuma ku nemi a rubuta dalilin ƙin karɓar duk shawarar da aka ƙi.

Sai mun yi rajista kafin a saurare mu?

Don halartar taro da faɗin ra'ayi, a'a. Don sa hannu a yarjejeniya, karɓar kayan aiki ko buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, e. Mafi sauƙi shi ne rajista a ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar jiha da ke kula da ƙungiyoyi. Masu son karɓar tallafi daga manyan masu ba da taimako sukan buƙaci rajistar hukumar CAC mai rajistar kamfanoni a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Idan kuma niyyarku sayar da roba ko taki ku raba riba, rajistar ƙungiyar gama kai ta fi dacewa da ku.

Ko wace iri kuka yi, ku tanadi kundin tsarin ƙungiya ko da shafi uku ne, littafin bayanan taro, da asusun da ba a cire kuɗi sai da hannun mutum biyu.

Yaya za mu auna sharar unguwarmu da kanmu?

Wannan shi ne aikin da ya fi ɗaga darajar ƙungiya a gaban hukuma, domin wanda ya zo da lissafi ba a sallamarsa da "za mu duba". Kayan da ake buƙata kaɗan ne: sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50, buhuna, tamfol, safar hannu mai kauri, takunkumi, rariya mai faɗin ido, durom mai lita 200, da littafi.

Ku zaɓi gida 40 zuwa 50 a warwatse, kada duk su zama na bakin titi ko na 'yan kwamiti. A sa gidan haya mai ɗakuna da yawa, gidan gandu, gidan ma'aikaci, da gidan da ake sana'ar abinci ko kiwo. A rubuta yawan mutanen da ke kwana a kowane gida. A ba su buhu mai lamba, a karɓa kowace safiya har kwana takwas. Na ranar farko a zubar ba tare da an lissafa ba, domin mutane kan haɗo da tsohuwar sharar da ta kwana biyu a bayan ɗaki. Kwana bakwai ɗin da suka rage su ne ma'auni.

Lissafin haka yake. A ce gida mai mutum 9 ya fitar da kilo 31.5 a kwana bakwai. Tara sau bakwai 63 ke nan; a raba 31.5 da 63, ya ba da rabin kilo ga kowane mutum a rana. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya sa matsakaicin ƙasashen Afirka kudu da Sahara a kilo 0.46, saboda haka idan naku ya fito kilo biyu ko ya gaza kilo 0.2, ku sake duba sikelin ko ƙidayar mutanen.

Bayan awo sai rarrabewa. A juye buhunan ranar a kan tamfol, a gauraya da shebur, a raba tulin gida huɗu, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna a kusurwa. A ware ragowar abinci da ganye, leda da ledar fiya wata, robar lemo, gwangwani da ƙarfe, kwalba, kwali, tsumma, da ƙunzugun yara na zamani. Abin da ya rage a tankaɗe shi. Za ku sha mamakin yawan yashi da toka, musamman a gidajen da tsakar gida ba siminti kuma ake girki da itace ko gawayi. Wannan ƙasar ita ke karya gatarin kura, ita ke cinye man tifa, kuma ba shara ba ce da sai an kai ta bayan gari. Idan aka roƙi gidaje su riƙa ware ta, nauyin ɗauka na raguwa sosai.

Sai awon cika. A cika durom da shara ba tare da dannawa ba, a ɗaga shi kaɗan a sake sau uku, a ƙara cikawa, a auna sharar buhu-buhu. Abin da ya fito a ninka sau biyar, shi ne nauyin sharar da za ta cika mita ɗaya, wato ma'auni mai tsawo, faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya. Idan durom ya ɗauki kilo 70, to 350 ke nan.

Yanzu ku haɗa. Unguwa mai gida 600, kowane gida mutum 8, mutum 4,800 ne. A rabin kilo, kilo 2,400 kullum. A raba da 350, kusan mita 7. Ma'ana akwati mai cin mita 7 zai cika a yini ɗaya. Idan mota sau ɗaya take zuwa a mako, cikin akwati ɗaya za ta tarar, shida na ƙasa. Da wannan takardar za ku shiga ofis.

A maimaita awon sau biyu, da rani da damina, kuma a guji makon Sallah ko Kirsimeti, domin ba ya nuna halin yau da kullum.

Me ake dubawa wajen zaɓen wurin tara shara?

Tazarar tafiya da farko. Idan ta wuce kamar mita 150 zuwa 200 daga gida, yaro zai juye a lambatun da ya fara cin karo da shi. Sannan mota ta iya shiga ta juya ko da damina. Kada ya kasance a bakin kwari, kan magudanar ruwa, kusa da rijiya ko burtsatse, ko jikin katangar makaranta, asibiti ko wurin ibada. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare da katanga ta ɓangare uku, don kada shebur ya riƙa haƙa rami ruwa na kwanciya. A lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, kuma gidan da ke ƙarƙashinta shi zai sha wari.

Mai gidan da ke maƙwabtaka da wurin yana da gaskiya idan ya ƙi. Kada a taru a kansa a ce ba ya son ci gaba. A ba shi alkawari rubutacce na ranakun kwashewa, da sharaɗin cewa idan aka saɓa sau kaza za a rufe wurin. Takardar izinin filin kuma ta fito daga mai shi ko daga hukuma, mai unguwa ya shaida.

Me ya sa irin wannan aikin ke mutuwa bayan wata uku ko huɗu?

Kusan kullum a wuri ɗaya igiyar ke tsinkewa: tsakanin wurin tarawa da babban juji. Matasa sun yi ƙoƙari, gidaje sun saba miƙo shara, kura na zagayawa, amma motar da za ta kwashe ta lalace, ko babu mai, ko an tura ta wani aiki. Tuli ya taru. Maƙwabta suka fara ƙorafi. Wani ya cinna masa wuta da dare, hayaƙin leda ya cika ɗakunan mutane. Masu biyan kuɗi suka daina, tunda ga shara a ƙofarsu wadda ta fi ta da. Ƙungiyar da ta yi niyyar alheri ta wayi gari ita ce ta kafa sabon juji a tsakiyar unguwa, kuma ita ake zagi.

Saboda haka kada ku fara karɓar shara daga gida ko ɗaya sai an sa hannu a kan wanda zai kwashe. Takardar ta faɗi ranaku, ba "a kai a kai" ba. Ta faɗi muƙamin jami'in da za a kira. Ta faɗi abin da za a yi idan mota ta yi kwana biyu ba ta zo ba, misali hayar tifa da wanda zai biya. Ta faɗi mai kayan aikin idan an rabu. Ta kuma sa ranar sake zama, kamar bayan wata shida. Ku fara da layi huɗu ko biyar, ku ga kwashewar ta tsaya da ƙafarta na wata biyu, kafin ku faɗaɗa.

Sauran masu kashe aiki sanannu ne: dogaro da sa kai zalla, alhali matashi na da cikin da zai ciyar, rashin ware kuɗin faci da walda, da barin komai a hannun mutum ɗaya, ranar da ya samu aiki a wani gari shi ke nan.

Nawa ya kamata gida ya biya, kuma kuɗin zai isa?

Ba ƙungiya ce ke yanke kuɗi ita kaɗai ba. Sai da amincewar hukuma da taron unguwa, in ba haka ba za a ce haraji kuke karɓa ba bisa doka ba. Amma ga yadda ake gwada lissafin, da alƙaluman misali kawai. A gida 600, kada ku sa ran kowa zai biya. A ce 360 suka biya naira 1,000 a wata, an samu 360,000. Masu kura huɗu a kan 50,000 sun ɗauki 200,000. Gyara, safar hannu, takalman roba da rasit sun ci 40,000. Saura 120,000. Idan tifa za ta zo kullum, naira 4,000 ke nan kowane sawu, abin da ko man dizal bai saya ba.

Lissafin ya nuna abu ɗaya a fili: kuɗin gidaje na iya riƙe ɗauka daga ƙofa zuwa wurin tarawa, amma jigila zuwa bayan gari da kula da babban juji sai da kasafin gwamnati. Duk tsarin da ya ce unguwa za ta ɗauki nauyin duka biyun, a sake duba shi.

Karɓa mako-mako ta fi ta wata-wata sauƙi ga mai neman na yau. Shago, gidan abinci da gidan biki su biya fiye da gidan kwana. Gidajen marayu da tsofaffi marasa ƙarfi a yafe musu a bainar taro, a rubuta. Kowane wata a manna lissafin shiga da fita a ƙofar mai unguwa.

Mutanenmu na zuba shara a kwari don tare zaizayar ƙasa. Laifi ne?

Niyyar mai kyau ce, domin wanda kwari ke cin bayan gidansa ba zai zauna ya zuba ido ba. Amma shara ba ta tare ruwa. Ba ta da nauyin dutse, ba ta da saiwa. Ƙasar Gombe mai yashi ce; ruwa ya tarar da tuli sai ya kauce ya ci gefe, kwarin ya ƙara faɗi. In ya yi ƙarfi ya kwashe tulin gaba ɗaya ya kai bakin kwalbati ya toshe, ruwa ya koma gidajen mutane. Abin da ya ruɓe kuma yana tsatsafowa cikin rijiyoyin kusa, ga kwalara da damina, ga ɓeraye masu ɗauke da zazzaɓin Lassa da rani.

Abin da ke riƙe bakin kwari shi ne buhunan yashi da aka jera da kyau, duwatsu cikin ragar waya, da ciyawa mai zurfin saiwa irin jema. Babban kwari kuwa aikin injiniya ne, irin wanda shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP ya yi a baya, shirin ACReSAL da ya biyo bayansa kuma ke yi yanzu da tallafin Bankin Duniya. Amma kada a hana mutanen bakin kwari zubarwa ba tare da an ba su wani wuri a ranar ba.

Za mu iya mayar da shara taki mu sayar?

Za ku iya, kuma kasuwar a shirye take, tunda manoman bakin gari sun daɗe suna sayen sharar gari. Matsalar wadda suke saya yanzu ita ce leda, fasassun kwalabe da batura da ke shiga gona.

Sharaɗin farko shi ne a ware tun daga gida ko kasuwa. Tsince leda daga ruɓaɓɓiyar shara wahala ce da babu mai jurewa. Mafi sauƙin farawa shi ne sharar 'yan gwari da kayan marmari, a haɗa da kashin dabbobi. A yi tuli mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, tsayi kamar mita ɗaya da rabi, a inuwa. A jera busasshe kashi biyu ko uku, irin su kara da aka sassara, ɓawon gyaɗa da busasshen ganye, a kan ɗanye kashi ɗaya. Laima ta zama yadda idan ka matse a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai zuba ba. A soka sandar ƙarfe a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu in ka zare ta ka ji zafin da ba ka iya riƙewa, aiki na tafiya, kuma wannan zafin na digiri 55 zuwa 65 shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A juya duk mako ɗaya ko biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

In ya yi ɗoyi, ruwa ya yi yawa ko iska ba ta shiga: a juya a ƙara busasshe. In bai yi zafi ba, ya bushe ne, wanda shi ne ciwon Gombe daga Fabrairu zuwa Afrilu: a yayyafa ruwa a rufe da tsofaffin buhuna. Toka kaɗan ake sawa, domin yawanta na korar sinadarin da ke sa ganye kore. Kuma ku daidaita lokaci, takin ya nuna kafin shuka, don bayan Yuli mai saye ya yi ƙaranci.

Ina matsayin 'yan bola jari? Wasu na cewa ɓarayi ne.

Akwai ɓata-gari a cikinsu kamar kowace sana'a, kuma ƙorafin satar ƙarfe ba ƙarya ba ne. Amma su ne ke raba jujinmu da ƙarfe, alminiyam, roba da kwali ba tare da gwamnati ta biya su ko sisi ba. Korar su ba ta hana sata, sai dai ta ƙara nauyin da tifa za ta ɗauka. Abin da ke aiki shi ne a rubuta sunayensu ta hannun dilolin da ke saye a wurinsu, a ba su katin shaida da riga mai lamba, a sa musu lokacin shiga unguwa, a kuma hana dila sayen murfin kwalbati, wayar lantarki da makamantansu. Ƙungiya kuma kada ta shiga gasa da su a kan robar da suke ci da ita. Ta yi ciniki da su. Yara ƙanana ba wurinsu ba ne juji, wannan a rubuta shi cikin tsarin.

Akwai sharar da bai kamata 'yan ƙungiya su taɓa ba?

Akwai. Allurai, auduga mai jini da duk abin da ya fito daga asibiti, kemis ko ɗakin gwaji, batirin mota da na sola, saboda dalma da ruwan batir, galan da kwalaben maganin feshi, mushen dabba. Allura akwatinta daban ne, kuma mai asibitin ne ke da alhakin ta. In kun gan ta a sharar unguwa, ku sanar da duba-gari. Duk mai aikin ɗauka ya samu rigakafin sarƙe-haƙora, takalmin roba, safar hannu da sabulu, kuma kada a danna buhu da hannu ko ƙafa.

An ce za a kawo babban juji kusa da ƙauyenmu. Muna da ta cewa?

Kuna da ita. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a yi nazari kafin manyan ayyuka irin wannan, kuma akan baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Ku tambayi inda aka ajiye shi, ku sami mai karanta muku, ku miƙa ƙorafinku a rubuce kafin wa'adin ya cika, ku riƙe kwafi mai hatimi.

Tambayoyin da za ku yi: zurfin ruwan ƙasa a wurin nawa ne, kuma ina ruwan jujin zai gangara? Za a yi shinge, don leda na kashe shanu da awaki, kamar yadda kowane mahauci ya sha gani a tumbi? Za a riƙa rufe shara da ƙasa ko za a bar ta a buɗe ana ƙonawa? Ta wace hanya motoci za su bi? Shekara nawa za a yi, kuma wa zai gyara filin bayan an tashi? Burtali ko gonar wani ta shiga ciki? Sharar birni ce za a kai wa mutanen da ba su suka tara ta ba, don haka kujerarsu a teburin tsari ta zama ta dindindin, ba ta ranar ƙaddamarwa kaɗai ba.

Yaya za a hana siyasa da ƙungiyoyin jaka, masu suna a takarda kawai, cinye abin?

A tambayi kowace ƙungiya aikin da ta taɓa yi a unguwar, mai unguwa da limami ko fasto su tabbatar. Wakilai a zaɓe su a taro, wa'adinsu shekara biyu. Kada a buga hoton ɗan takara a kura ko riga, domin ranar da ya faɗi zaɓe kurar ma ta faɗi.

Bayan an amince da tsari, me ya rage mana?

Littafi ɗaya a kowane wurin tarawa: ranar da mota ta zo, ƙarfe nawa, lambarta, ta kwashe duka ko ta bar saura. Hoto ɗaya kowace Litinin daga kusurwa guda. Duk wata uku a taƙaita a shafi ɗaya a kai wa hukuma da kansila. Lokacin da ake shirya kasafin kuɗi kuma, ku halarci taron jin ra'ayin jama'a ku nemi a ware layin man motoci da gyaransu daban da na sayen sababbi, don sayen mota na da mai so, gyaranta ne ba shi da uba.

Mu ba a birnin Gombe muke ba. Wannan ya shafi Kumo, Billiri, Kaltungo, Bajoga, Dukku ko Deba?

Ya shafe ku, sai dai ma'aunin ya bambanta. A irin waɗannan garuruwa ranar kasuwa ce ke haifar da mafi yawan shara, don haka a sa kwashewa washegarin kasuwa da sassafe, kuma shugabannin kasuwa su kasance cikin masu sa hannu. Ragowar abinci da kashin dabbobi galibi suna komawa gona da kansu. Abin da ke taruwa shi ne leda, robar lemo da galan ɗin maganin feshi. Robar gari ɗaya ba ta cika mota, shi ya sa dila ba ya zuwa. Idan ƙungiyoyin garuruwa uku ko huɗu da ke kan hanya ɗaya, kamar Kumo, Billiri da Kaltungo, suka tara a rumbu ɗaya mai rufi, suka matse ta a manyan buhuna, suka sa ranar lodi guda a wata, kuɗin mota zai rabu a tsakaninsu kuma za su iya yin ciniki a kan farashin kilo.